Yadda Ake Busar da Tafarnuwa da Adana Ta Bayan An Tone Ta

Tafarnuwar da ka tono daga ƙasa tana da rai. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai ɗan tsiro yana barci, yana numfashi a hankali, yana jiran sanyi da danshi su tashe shi. Duk ɗawainiyar da za ka yi daga ranar tono har ranar da za ka ɓare kan tafarnuwa na ƙarshe, manufarta ita ce a tsawaita wannan barcin, a kuma toshe duk ƙofar da ruɓa za ta bi ta shiga.

Mutane da yawa suna zaton busar da tafarnuwa na nufin a ƙafar da ruwan cikin ƙwayar. A'a, ƙwayar ana so ta zauna da ruwanta da nauyinta da ƙarfinta. Abin da ake busarwa shi ne ɓawon waje, da saiwa, da wuya, wato wurin da ganye ya haɗu da kai. In wuyan ya bushe ya tsuke, tafarnuwa ta rufe kanta da kanta. In bai bushe ba, komai kyan ɗakin ajiyarka, asara na nan tafe. Shi ya sa mafi yawan abin da ke lalacewa a wata na uku ko na huɗu, tun makon tono aka ɓata shi, sai dai bai nuna ba sai daga baya.

Kafin a taɓa ƙasa

Ka fara da sanin irin da ka shuka, domin tafarnuwa kashi biyu ce. Akwai mai taurin wuya, wadda sanda mai ƙarfi take ratsa tsakiyar kanta, ƙwayoyinta manya ne a jere zagaye ɗaya, kuma tana fitar da karan fure. Akwai mai laushin wuya, wadda ba ta da wannan sandar, ƙwayoyinta sun fi yawa, suna hawa-hawa, manya a waje ƙanana a ciki. Ta biyun ita ce ta fi jure ajiya nesa ba kusa ba, kuma ita ce aka fi shukawa a wuraren da ba a yin tsananin sanyi. In taka mai taurin wuya ce, a yanke karan furen tun yana lanƙwashe, makonni kaɗan kafin tono, don ƙarfin shukar ya koma ga kai.

Daga nan sai ban ruwa. Ka tsayar da shi mako ɗaya zuwa biyu kafin ranar da kake sa ran tonowa. Ƙasar da ta sha iska tana sakin kan tafarnuwa cikin sauƙi, ɓawon kuma ya fara bushewa tun yana ƙasa. Wanda ya shayar jiya ya tono yau, ya ƙara wa kansa aikin mako guda a wurin shanya, ya kuma buɗe wa fumfuna hanya.

Yaushe ne lokacin? Ganye ne zai gaya maka, amma sai ka san abin da yake faɗa. Kowane ganyen da kake gani a sama, gindinsa yana gangarawa ƙasa ya lulluɓe kan, ya zama ɓawo guda. Ganyen da ya mutu ya daɗe, ɓawonsa ma ya ruɓe a cikin ƙasa. Ke nan yawan koren ganyen da ya rage ranar tono shi ne kusan yawan ɓawon da zai kare kan a ajiya. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin ganyen, daga ƙasa, ya bushe, amma akwai biyar ko shida a sama da suke kore shar.

Kada ka yi mata lissafin albasa. Albasa ana jira ganyenta ya kwanta, tafarnuwa kuwa in ka jira duk ganyen ya bushe ka makara: kan ya dare, ƙwayoyin sun rabu da juna, ƙasa ta shige tsakaninsu. Irin wannan ana ci lafiya lau, amma ba ta ajiya ba ce. In kuma ka yi gaggawa, ƙwayoyin ba su cika ba, suna bushewa sai su yanƙwane. A ganina, in dole sai an kuskure, gara a yi saurin kwana uku da a makara da kwana goma.

In kana shakka, tono kai biyu ko uku daga wurare dabam-dabam, ka yanka su a kwance. In ƙwayoyin sun cika ɓawonsu tam, sun rabu da juna sarai kowace da rigarta, lokaci ya yi.

Ranar tono

Zaɓi ranar da ba ruwan sama, ka fito da safe bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. Kada ka kama ganye ka fizga. Saiwar tafarnuwa tana riƙe ƙasa fiye da yadda ake zato, fizga kuma tana tsinka wuya ko ta yage gindi, waɗannan biyun kuwa su ne wuraren da kake son su fito lafiya. Ka soka abin tono nesa da shukar kamar santimita 10 zuwa 15, ka ɗaga ƙasar daga ƙarƙashi, sannan ka ɗauko da hannu.

Akwai wata ɗabi'a da hannu yake yi ba tare da an sa shi ba: a ɗauki kai biyu a gwara su don ƙasa ta zube, ko a buga a jikin ƙotar fartanya, ko a wurga cikin kwando daga nesa. Ka hana hannunka wannan. Sabuwar tafarnuwa tana da laushi sosai, a riƙe ta kamar ƙwai. Buguwar ba ta nunawa a ranar, domin ɓawo ya rufe ta. Sai bayan wata biyu ka ɓare ka tarar da tabo ruwan kasa a gefen ƙwayar, ko shuɗiyar fumfuna ta kama daidai wurin. Ka sa yatsu ka kakkaɓe ƙasar da ta saku, wadda ta manne kuma ka ƙyale ta, in ta bushe za ta zube da kanta.

Kada ka wanke. Na san tana fin kyan gani in an wanke, kuma akwai manoman da ƙasarsu ta laka ce da suke ɗauraye ta nan take su sa mata fanka mai ƙarfi. Amma ga mai lambun gida, ruwan da zai shige tsakanin ɓawo da ɓawo ya fi ƙasar da ke waje illa. Kada kuma ka yanke ganye ko saiwa tukuna. Wuyan da aka yanka yana ɗanye, buɗaɗɗen rauni ne da ke kaiwa kai tsaye cikin kan.

Sai batun rana, wanda nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tafarnuwa ba a shanya ta a rana. Zafin rana kai tsaye yana iya dafa gefen ƙwayar cikin 'yan sa'o'i, wurin ya yi laushi ya canza launi, daga nan kuma ruɓa. Duk abin da ka tono, ka kai shi inuwa da wuri. In aikin da yawa kuma dole ta ɗan jira a fili, jera ta yadda ganyen layi na biyu zai rufe kawunan layi na farko.

Kafin ka tashi daga wurin, yi tankaɗen farko. Wadda abin tono ya sara, wadda ta dare, wadda ta faɗi da ƙarfi, duk a ware su gefe, su za a fara ci. Wadda gindinta ya yi laushi, ko ka ga farin abu kamar auduga da ƙananan baƙaƙen ɗigo a wajen saiwa, wannan farar ruɓa ce. Kada ka jefa ta cikin takin lambu, ka ƙone ta ko ka fitar da ita nesa, domin ƙwayar cutar tana iya zama a cikin ƙasa shekara 20 ko fiye, tana jiran albasa ko tafarnuwa.

Wurin shanya

Abu uku ake nema: inuwa, iska mai wucewa, da kariya daga ruwa. A cikinsu iskar ta fi muhimmanci. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe, baranda, ko ɗaki mai tagogi biyu da ke kallon juna, duk sun yi. Rufaffen ɗaki da iska ba ta motsi a ciki bai yi ba, ko da a bushe yake, saboda tafarnuwar da kanta za ta cika shi da laima cikin kwana ɗaya.

Ana iya ratayawa, ana iya shimfiɗawa. In ratayawa ce, a ɗaure shida zuwa goma a ƙulli ɗaya, a sassaɓa kawunan kada su dunƙule wuri guda, a bar tazara tsakanin ƙulli da ƙulli. Ka ɗaure da kyau, kuma ka sake tamke igiyar bayan 'yan kwanaki, domin ganye yana bushewa yana sirancewa, sai ka wayi gari ka tarar sun zame sun zube ƙasa. In shimfiɗawa ce, a samu raga ko jeren sanduna da aka ɗaga daga ƙasa, yadda iska za ta bi ta sama da ta ƙasa. Layi ɗaya kawai, kada wani kan ya hau wani. Shimfiɗa a kan siminti ko leda tana sa gefen da ke ƙasa ya yi gumi. In ba ka da wata hanya sai daɓe, to sai ka riƙa juyawa kullum.

Zafin da ya fi dacewa shi ne wajen digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Ɗan abin da ya ɗara haka ba laifi in iska na kaɗawa. Amma ka yi hattara da ratayawa dab da rufin kwano, inda zafi yake taruwa da tsakar rana. Tsananin zafi a daidai lokacin tono da shanya ana danganta shi da wata matsala da ƙwayar take komawa ruwan zuma, ta yi garai-garai, ta yi danƙo, alhali ɓawon waje lafiya lau yake. Ba cuta ba ce mai yaɗuwa, amma ƙwayar da ta yi haka ta tafi.

Inda iska take da laima, fanka ita ce abokiyar aikinka. Ka kunna ta dare da rana, musamman a makon farko, lokacin da ganyen yake fitar da mafi yawan ruwansa. Ba sai ta buga tafarnuwar kai tsaye da ƙarfi ba, abin da ake so kawai kada iskar wurin ta tsaya. In raɓa tana sauka da dare ko feshin ruwan sama yana shigowa ta gefe, a matsar da ita ciki. Tafarnuwar da ta fara bushewa ta sake jiƙewa ta fi wadda ba ta fara ba saurin yin baƙi.

Wasu da suke da amfani mai yawa kuma wurin shanya ya yi musu kaɗan, sukan rage tsawon ganyen su bar kamar taƙi guda a saman kai, don iska ta samu hanya. Wannan yana yi, muddin ba a yanka kusa da wuya ba.

Tsawon lokacin ya danganta da yanayi da girman kai. Mako biyu a busasshiyar iska mai ɗumi, mako uku zuwa huɗu a mafi yawan wurare, har shida in laima ta yi yawa kuma kawunan manya ne. Kada ka dogara da kalanda. Sauri ya haifi nawa: wanda ya zuba a buhu kwana biyar kafin lokaci, shi ne zai zazzage buhun nan bayan wata guda yana tsintar masu rai.

Mai sha'awar kitsa tafarnuwa, mai laushin wuya ce take kitsuwa, ɗayar sandarta ba ta lanƙwasuwa. Lokacin kitson shi ne bayan kamar mako guda ko ɗan fiye, sa'ad da ganyen ya yi yaushi amma bai kai ga karyewa ba. In aka kitsa yana ɗanye, cikin kitson yakan yi fumfuna. In aka gama, a mayar da ita wurin shanya ta ƙarasa bushewa a rataye.

Yadda za ka san ta bushe

Ɓawon waje zai zama kamar takarda, yana ƙara in an taɓa. Saiwar za ta ƙandare, in ka murza sai ta kakkarye. Amma waɗannan alamun waje ne, suna riga na ciki zuwa. Gwajin gaskiya a wuya yake. Ɗauki ɗaya daga cikin mafi girma, domin su ne na ƙarshen bushewa, ka yanke karan kamar santimita 3 a saman kai, ka dubi tsakiyar yankan, ka matsa da yatsu. In ka ga kore, ko ka ji sanyin danshi, ko wani ɗan ruwa ya fito, da saura. In ya bushe har tsakiya, fari ko ruwan toka, ya tsuke ƙam, aiki ya yi.

Mai sikeli yana da wata hanyar. Ka ware ƙulli ɗaya ka riƙa auna shi duk bayan kwana uku kana rubutawa. Da farko nauyin zai riƙa faɗuwa sosai, sannan ya ragu, sannan ya kusan tsayawa. In awo biyu a jere suka zo kusan ɗaya, ka yi gwajin wuya don tabbatarwa.

Gyara

Da almakashi mai kaifi, yanke karan ka bar santimita 2 zuwa 3. Kada ka yanka dab da ƙwayoyin, wannan ɗan guntun shi ne murfin. Rage saiwar ka bar kamar rabin santimita, ba tare da ka taɓa faifan gindin da ƙwayoyin suke zaune a kai ba. Sai ka murza kan a tafin hannu, ko ka sa buroshi mai laushi, ƙasar ta zube tare da ɓawo ɗaya na waje.

Ɗaya na ce. Akwai daɗi a ci gaba da ɓarewa har sai kan ya fito fari fat, amma kowane ɓawo da ka cire ka rage mata kariya daga bushewa da cuta. Tafarnuwa mai ɗan dauɗa da ɓawo huɗu ta fi fara tas mai ɓawo ɗaya daɗewa. Kuma kada ka farfasa kai don ajiya. Ƙwayar da aka raba da uwarta ba ta wuce 'yan makonni kafin ta fara yanƙwanewa ko tsira.

A nan ne za ka yi tankaɗe na biyu, tunda kowane kai yana bi ta hannunka. Matsa shi a hankali. Mai ƙarfi ko'ina, mai nauyi, mai rufaffen wuya, shi ne na doguwar ajiya. Wanda ka ji wata ƙwaya ta lotsa, ko ya yi sakayau fiye da girmansa, ko ƙwayoyinsa suna leƙowa, ya bi sahun waɗanda za a fara ci. Kawuna mafi girma da lafiya kuma a ware su don iri tun yanzu, kafin mai girki ya kai hannu.

Ajiya

A nan akwai abin da yake ba mutane mamaki: matsakaicin sanyi shi ne yake tashin tafarnuwa daga barci. Sanyin firij, wajen digiri 4 zuwa 10, daidai yake da abin da take ji a cikin ƙasa kafin ta tsira, ga kuma laima. Saboda haka cikakken kan da ka sa a firij, ka gaya masa lokacin shuka ya yi. Yana iya zama lafiya na ɗan lokaci a ciki, amma da an fito da shi sai tsiro ya biyo baya cikin kwanaki.

Manyan 'yan kasuwa suna ajiye ta a ɗakunan sanyi a digiri 0 ko ƙasa da shi kaɗan, da laima kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, inda take iya kai wata tara. Wannan ya fi ƙarfin firij na gida. Ga mai gida, abin da aka fi ba da shawara shi ne wuri mai ɗan sanyi, wajen digiri 13 zuwa 16, mai duhu, da laima kusan rabi. In ba ka da irin wannan wurin, kada ka damu ƙwarai. A zafin ɗaki, daga digiri 20 zuwa 30, ba ta saurin tsira, matsalarta a nan ita ce tana rasa ruwa a hankali har ta yi laushi ta yanƙwane. Ka nemi kusurwar da ta fi sanyi a gidan, wadda zafinta ba ya hawa da sauka sosai tsakanin dare da rana, nesa da murhu, nesa da tururi da wurin wanke-wanke.

Laima in ta wuce kashi 70 cikin ɗari, fumfuna ce da sabuwar saiwa. In ta yi ƙasa sosai, bushewa ce. Tsakanin biyun, bushewa ta fi sauƙi, domin tana tafiya a hankali kuma ba ta yaɗuwa.

Mazubin dole ya zama mai numfashi: buhun raga, kwando, akwati mai ramuka, ko jakar takarda da aka huhhuda. Kada a cika shi da zurfi, kuma a ɗaga shi daga ƙasa ko a rataye. Leda, bokiti mai murfi, da kwalbar da ake rufewa ruf, duk suna tara gumin numfashinta su mayar mata. Kitsattsiya a rataye ta a inuwa, ana yanka daga sama ko daga ƙasa yadda kitson ba zai warware ba.

In an yi komai daidai, mai laushin wuya tana kai wata shida zuwa tara, wasu ire-irenta har kusan shekara. Mai taurin wuya wata uku zuwa shida. In kana da duka biyun, ka san wadda za ka fara ci.

Dubawa

Ajiya ba a rufe a manta ba ce. Sau biyu a wata na farko, daga nan sau ɗaya a wata, ka zazzage ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Hanci yakan riga ido: lafiyayyen kai ba ya wari sosai, domin ƙamshin nan mai ƙarfi ba ya fitowa sai an fasa naman ƙwayar. In ka buɗe buhu ƙamshin tafarnuwa ya buge ka, akwai wadda ta lalace a ciki, sai a nemo ta. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Shuɗin gari ko kore a jikin ƙwaya fumfuna ce da ke shiga ta rauni. Baƙin gari kamar kunkunniya tsakanin ɓawo wata fumfunar ce da ta fi son zafi da laima. Ruɓar da ta faro daga gindi tana hawa, daga gona aka zo da ita. Wadda ta faro daga sama tana gangarawa, wuya ne bai bushe ba, kuma in ka ga irinta da yawa, ka fito da duka ka sake baza su a iska. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya iya gani, suna zama ƙarƙashin ɓawo suna tsotsa, su bar ƙwayar da ƙuraje ruwan kasa, ta dushe ta bushe da wuri. Zafi yana sa su yawaita.

Wadda ta tsira ba guba ba ce. Ana ci, sai dai ƙwayar ta fara ramewa saboda tsiron yana cin ta, kuma wasu suna jin ɗan ɗaci a koren. Tsaga ƙwayar ka zare shi in ba ka so.

Waɗanda ba za su jira ba

Sararru da dararru da masu shirin tsira, in sun fi ƙarfin ci, akwai hanyoyin ceto su. Firiza ta fi sauƙi. A ɓare, a zuba a leda ko roba a rufe, ko a niƙa a daskarar ƙanana-ƙanana yadda za a riƙa ɗaukar na girki ɗaya. Tana yin laushi in ta narke, amma ɗanɗanon yana nan.

Ana kuma yankawa siri-siri a busar a zafin da bai wuce digiri 60 ba, har sai yankan yana karyewa ƙaras. Wannan kam a kwalba mai murfi ake ajiye shi, tunda ba ya numfashi kuma. Gara a bar shi a yanke, a riƙa niƙa kaɗan-kaɗan, domin garin yana saurin shan laima ya dunƙule. A cikin ruwan khal ma tana zama, a firij, wajen wata huɗu. In ka ga ta koma shuɗiya ko kore a ciki kada ka tsorata, sinadaranta ne suka haɗu da tsami.

Abu ɗaya ne zan ja kunne a kai da babbar murya: tafarnuwa a cikin mai. Ana ɓare ta a nutsar a mai a ajiye a kan kanta, ana ganin dabara ce. Tafarnuwa daga ƙasa take fitowa, tana iya ɗauko ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim, ba ta da tsami, mai kuma yana toshe iska. Wannan shi ne ainihin yanayin da ƙwayar cutar take so, kuma gubar ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ko launi ba. Tana shanye jijiyoyi, tana iya tsayar da numfashi. A shekarar 1985, a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, mutum 36 suka kamu da ita ta dalilin yankakkiyar tafarnuwa da aka ajiye a mai ba a firij ba. In ka haɗa ta da mai, a firij nan take, a cinye cikin kwana huɗu, ko kuma a sa a firiza. Wadda ta kwana a waje, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Iri

Kawunan da ka ware don shuka, a ajiye su a dunƙule, a mazubi dabam, da alamar sunan iri in kana da fiye da ɗaya. Babbar ƙwaya daga babban kai ita ce take ba da babban kai, don haka kada ka cinye manya ka bar wa gona ragowa, in ba haka ba amfanin zai riƙa ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Duk kan da ka ga alamar cuta a jikinsa, ko da ƙwaya ɗaya ce, kada ya shiga iri, domin tafarnuwa da jikinta ake shuka ta, abin da ke jikin uwa yana bin 'ya'ya.

Kada a farfasa sai kwana ɗaya ko biyu kafin shuka. Wajen farfasawar, ka bar wa kowace ƙwaya rigarta, ka kuma dubi gindinta, ɗan faifan nan mai tauri da saiwa za ta fito daga gare shi. In ya ɓalle ko ya yi laushi, ba za ta yi kirki ba. Manyan ƙwayoyin waje su tafi gona, ƙananan na tsakiya kuma a ci, ko a shuka su a matse a gefe guda don a riƙa yankar ganyensu.